Gurbi na Bakwai

Tungalag ta iso a babur, girarta duk ƙanƙara.
Ta sunkuya ta shigo tanti,
ta karɓi shayin madara da hannu biyu,
sannan ta zaro takardar,
mai ƙananan gurabe, kowanne baki buɗe.

Wata ashirin da biyu, in ji ta. To, Ider, mu gani.

Yana tafiya?
Uwarsa Sondor ta nuna igiyar
da muke ɗaure ƙugunsa da ƙafar gado
don kada ya isa murhu.
Iyakar inda igiya ta tsaya
sawunsa ya cinye shimfiɗa kamar rabin wata.

Yana ɗora abu kan abu har huɗu?
Ba mu da 'yan katakon da ke jikin hoton.
Na zubo masa busasshen cuku.
Ya ɗora uku, ya tauna na huɗun.
Ta yi dariya, ta ba shi.

Yana hawa matakala?
Muka dubi juna.
Daga nan har Tsetserleg ban san matakala ko ɗaya ba,
sai tudu, sai gadon bayan rago.
Ta ja layi ta wuce.

Gurbi na bakwai: kalma nawa yake faɗa?

Butar kan murhu ce kaɗai ta amsa.

Ni da nake duban tumaki ɗari uku da magariba
in san wadda ba ta dawo ba,
ga lissafin da ya gagare ni,
don ba shi da farko.
Bai taɓa kiran uwarsa ba. Ni ma haka.
'Yar ƙanwar Sondor, can birni, sa'arsa ce,
ana kara mana ita a waya, tana zuba kamar kanya.
Sondor takan yaba, ta kashe,
ta fita ɗebo kashin shanu alhali buhu a cike yake.

Kakarsa ta ce daga kan gado:
Wana sai da ya shekara huɗu,
da ya fara kuwa har ya mutu bai rufe baki ba.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi,
ku ɗin maganar me kuke yi a gidan nan?

Tungalag ba ta ce uffan ba.
Ta zaga bayansa, ta tafa.
Ya waiwayo.
Amma daidai lokacin iska ta bugi ƙofa,
har yau ban san wanne ya juyo da shi ba.

A gindin murhu akwai ɗan rago, kwana biyu da haihuwa,
uwarsa ta ƙi shi.
Dare biyu Sondor na durƙushe a kunnen tunkiyar
tana mata toig, toig, toig,
yadda ake lallashinsu har nono ya sauko.

Tungalag na ɗaure jakarta
sai Ider ya ja igiya har ta miƙe,
ya miƙa hannu, yatsa ɗaya ya kai ga kunnen ɗan ragon.
Murya ƙasa-ƙasa, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:
toi. Toi.

Ba wanda ya motsa.
Na ce, wannan kalma ce?
Ta daɗe tana jujjuya biro.
Ta ajiye shi, ta laluɓo fensir,
ta rubuta ɗaya, siriri, a gurbi na bakwai.

Duk da haka ku kawo shi a duba kunnen,
ranar goma ga wata, kafin kogi ya narke.

Na soke takardar a sandar rufi, inda hayaƙi ba ya kaiwa.
Da dare, in sun yi barci,
nakan sauko da ita in haska,
in ga ko ɗayan yana nan.